Sandar zaren injin CNC ɗina tana kaɗawa, da'ira kuma ba ta fita daidai: yaya ake ɗaure ta?

kafinta_garwa

Assalamu alaikum masu sana'a. Ina neman shawararku kan injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, da nake haɗawa a nan Garwa don aikin ƙofofi da allunan shaguna. Firam ɗin na bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, 40 a 40, haɗin walda. Teburin yana da tsawon santimita 120, faɗi 80. Rel ɗin SBR16 ne a layin X (faɗi) da na Y (tsawo), motocin lantarki masu taku Nema 23 ne, allon kuma Arduino ne mai manhajar GRBL. Sandunan zare duka T8 ne, masu tafiyar milimita 8 a juyi ɗaya, da noti na tagulla. Ta layin Y guda ɗaya ce, tana ƙarƙashin teburi a tsakiya, kuma tsakanin gidajen boris ɗinta milimita 1200 ne. A kowane kai na sa gidan boris KP08, na ɗaure ƙananan kusoshin alankinsa a jikin sandar. Tsakanin mota da sanda akwai mahaɗi na alminiyon, irin mai tsaga-tsagan nan da ke lanƙwasa.

Ga abin da ke faruwa. Da zarar gudun Y ya wuce milimita 3000 a minti, sandar sai ta fara kaɗawa kamar bulala, musamman idan gada, wato ƙarfen da ya ratsa teburi yana ɗauke da injin yanka, tana can ƙarshen teburi. Idan na yanka da'ira mai faɗin milimita 50, gefe ɗaya yana ragewa da 0.3 zuwa 0.4, kuma ana ganin ɗan tudu a inda layi yake juya baya. Da safe injin yana tafiya sumul, amma bayan ya daɗe yana aiki da rana sai ya riƙa cijewa, motar tana ƙara tana ɓatar da taku. Sannan idan wuta ta ɗauke, layin Z, mai hawa da sauka, yana sulalowa ƙasa da kansa har bakin yanka ya caki katako.

Shin noti zan canza, ko gidajen boris, ko kuwa sandar ce gaba ɗaya ba ta dace da wannan tsawon ba? Allah ya saka da alheri.

turna_marwa

Wa alaikumus salam Malam kafinta. Kada ka fara da noti. Babban abin da ya lalata maka aiki shi ne ka ba kawunan sandar biyu aiki iri ɗaya, alhali aikinsu daban ne. Kai ɗaya, wanda yake wajen mota, shi ake kafewa: sanda ta juya amma kada ta motsa gaba ko baya ko da gashi ɗaya. Ɗaya kan kuma tallafa shi kawai ake yi don kada ya yi lilo, a bar shi ya iya zamewa ta tsawo. A injinka babu kan da ya kafu sosai, babu kuma wanda aka saka.

KP08 an yi shi ne don nauyin gefe. Boris ɗin cikinsa yana iya karkata a gidansa don ya bi sanda, gidan kuma na zinki ne mai laushi. Kusoshin alankin nan biyu ba su da abin kamawa sai tsinin zare, don haka duk lokacin da mota ta juya baya, sandar tana ɗan ja kafin gada ta motsa. Mahaɗin da ka sa shi ma yana miƙewa yana tsukewa, domin tsagar nan da ke ba shi damar lanƙwasa ita ce ke ba shi damar miƙewa. Abin da ya rage na turin kuma yana sauka a kan boris ɗin cikin mota, wanda ba a yi shi don haka ba, kuma a bayansa akwai washa mai lanƙwasa da ke dannuwa. Ka tara waɗannan uku, ga 0.3 ɗinka nan.

Kafin ka sayi komai, ka gano inda sako-sakon yake. Ka nemi agogon awo mai ƙafar maganaɗisu, ko da aro ne daga wajen masu gyaran injin mota. Ka kunna injin don motoci su riƙe, ka ɗora bakin agogon a goshin sandar ta wancan ƙarshen, sannan ka tura gada da hannu gaba da baya da ƙarfi. Duk abin da allura ta nuna a nan na gidan boris ne da mahaɗi. Sai ka mayar da agogon jikin gadar kusa da noti ka sake turawa. Abin da ya ƙaru a kan na farko shi ne na noti da mazauninsa. Mahaɗi kuma ka ja masa layi ɗaya da maka tun daga shaf ɗin mota har jikin sanda. Idan bayan aiki layin ya rabu, yana sulɓewa.

Ga yadda ake yin kafaffen kai na T8 da kayan da ake samu a gari. Ka samu guntun alminiyon ko ƙarfe mai kaurin milimita 18 zuwa 20. A huda shi ya fita da rami na milimita 18, sannan a faɗaɗa ramin ta kowace fuska zuwa 22, zurfin 7, don boris 608 ya zauna ta nan ya zauna ta can, a bar kafaɗa a tsakaninsu. Zoben waje na kowane boris zai jingina da kafaɗar. Zoben ciki kuwa ba ya taɓa komai a tsakiya. Idan ka matse zobban ciki biyu zuwa ga juna daga waje, ƙwallayen kowanne suna hawa gefen hanyarsu, ɗaya ya tare turi, ɗaya ya tare ja, sako-sako ya mutu. A kan T8 da ba a feƙe kanta ba, da kwala biyu, wato zobban ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin sanda, ake matsewa, kuma ka nemi kwalar da ke rungumar sanda da kusa a gefe, ba mai kusar da ke cakar zare ba. Ka ɗaure ta ciki tukuna, ka danne ta waje da ƙaramar matsa har agogo ya daina nuna motsi, sannan ka ɗaure ta. Kada ka yi amfani da notin tagulla na T8 a matsayin abin matsewa, zarensa a kwance yake, da kansa zai warware.

Matsin nan kaɗan ake so. Sanda ta riƙa juyawa da yatsu biyu, da ɗan nauyi iri ɗaya a duk zagayen. Idan kana jin gargada ko boris yana ɗumi bayan minti goma, ka wuce gona da iri, kuma 608 ba ya daɗewa a haka. Wanda yake son abin da ya fi wannan ƙarko sai ya sa 608 ɗaya a tsakiyar faranti don nauyin gefe, ya sa boris na turi F8-16M ta kowace fuska, kwala ta biyo baya.

Ɗaya kan kuwa boris 608 guda ɗaya ne, a ramin da zoben wajensa zai iya zamewa da turin babban yatsa. Idan KP08 za ka bari a can, ka cire kusoshin alankinsa gaba ɗaya, ka shafa ɗan giris, ka bar wa sandar sararin milimita 2 ko 3 a bayanta.

Mahaɗi ka canza shi zuwa mai haƙora da roba a tsakiya, na matsewa. Ka auna shaf ɗin motarka kafin ka saya, domin Nema 23 akwai mai 6.35 akwai mai 8. Ka bar milimita 1 zuwa 2 tsakanin goshin shaf da goshin sanda, kada su haɗu.

mai_walda_kusuri

Abin da Baba Turna ya faɗa haka yake. Zan ƙara hanya ɗaya mai sauƙin kuɗi game da kaɗawar: a ja sandar ta miƙe. Ana sa boris na turi a bayan farantin kowane ƙarshe, ta waje, sai a matse daga kai ɗaya har sandar ta ɗauki ja. Siririyar sanda da ke cikin ja ba ta saurin kaɗawa, kuma ba ta lanƙwasa idan gada ta tura ta. Sharaɗin shi ne farantan ƙarshe su kasance masu kauri, milimita 10 zuwa sama, da ƙarfen tokare a bayansu. Idan a jikin bututu 40 a 40 mai bangon milimita 2 ka ɗaure su kai tsaye, bututun ne zai lotsa, jan kuma ya tafi.

Kuma Malam, kada ka taɓa yi wa gidan boris walda a jikin firam. Walda tana jan ƙarfe idan ta huce, kuma daga nan babu gyara. Faranti ake waldawa, a goge fuskarsa ta kwanta, a huda, a ɗaure gidan boris da kusoshi. Ramukan su fi kusa faɗi da milimita 1 don a samu wurin gyara zama.

injiniya_njamena

Sannunku da ƙoƙari. Gyaran Baba Turna zai kashe sako-sako da cijewar rana, babu shakka. Amma ina so mai tambaya ya ga lissafi kafin ya kashe kuɗi a kan T8 ta layin Y, domin a ganina ta yi wa wannan tsawon kaɗan, ko yaya aka ɗaure ta.

Kowace sanda tana da gudun juyin da idan ta kai shi take fara kaɗawa. Masu ƙera sanduna suna ba da lissafinsa haka: ka ɗauki kaurin sanda a gindin zare da milimita, ka ninka da wata lamba da ta dogara da yadda aka ɗaure kawuna, ka ninka da miliyan 10, ka raba da tsawo sau tsawo. Lambar ita ce 3.4 idan kai ɗaya kafaffe ne ɗayan a sake babu tallafi, 9.7 idan duka biyun tallafi ne kawai, 15.1 idan ɗaya kafaffe ɗaya tallafi, 21.9 idan duka kafaffu ne. An riga an rage kashi 20 cikin ɗari a cikin waɗannan lambobin don kariya.

T8 a gindin zarenta kusan milimita 6 ce. Da tsawon 1200 da KP08 biyu, lissafin yana ba da juyi 400 a minti, wato milimita 3200 a minti. Kusan daidai inda ka ce take fara kaɗawa ke nan. Idan ka kafe kai ɗaya, za ta kai wajen juyi 630, milimita 5000 a minti. An samu ci gaba. Ka lura kuma tsawon da ake nufi shi ne daga noti zuwa boris mafi nisa, shi ya sa abin ya fi muni idan gada tana ƙarshe, ya lafa idan tana tsakiya.

Inda T8 ta gaza shi ne wajen turi. Sanda mai gindin milimita 6 da tsawon 1200, ko da an kafe kai ɗaya, turin kusan kilo 18 ya isa ya tanƙwara ta gefe, kuma rabin wannan ake yarda a yi aiki da shi. Gadar ƙarfe da ke tashi da gudu, ga bakin yanka na milimita 6 a cikin katako mai tauri irin maɗaci, ba wuya su kai nan. Ƙarfin jure turi yana bin kauri ninki huɗu, wato kauri sau kauri sau kauri sau kauri. Sanda mai ƙwallaye SFU1605, wadda gindinta kusan 13 ne, tana jure abin da ya fi haka sau ashirin da wani abu, kuma a tsawo ɗaya tana kai juyi 1360, milimita 6800 a minti. Tr16x4, mai zare irin na T8 ba ƙwallaye, mai gindin 11.5, tana kai juyi 1200, milimita 4800 a minti. Tr12x3 mai gindin 8.5 tana tsayawa wajen juyi 890, milimita 2670 a minti, wanda ya yi kaɗan ga teburi irin naka.

Batun cijewar rana kuwa zafi ne. Ƙarfe yana ƙara tsawon kusan milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. Firam ɗinka ma ƙarfe ne, don haka zafin gari kaɗai, ko na watan Afrilu da ke wuce digiri 40, yana miƙa su tare. Bambancin yana zuwa ne daga gogayyar notin tagulla, wadda ke ɗumama sandar ita kaɗai. Idan ta fi firam zafi da digiri 10, ta ƙaru da milimita 0.14. Tunda ka ɗaure kawuna biyu, ba ta da wurin zuwa: ko ta yi baka ta matse noti, ko ta fizge daga kusoshin alanki. Ta farkon ita ce cijewa, ta biyun ita ce ƙarin sako-sako.

Wannan lissafin ne ya sa nake taka-tsantsan da shawarar ɗan'uwana na Kusuri. Jan kilo 30 a kan T8 mai wannan tsawon yana miƙa ta da milimita 0.06 kacal. Ɗumin digiri 5 yana ƙara mata 0.07. Ke nan kafin a yi nisa da aiki jan ya ƙare, boris na turi biyu sun saki, sako-sako ya dawo a tsakiyar aiki, lokacin da ba ka duba ba. Hanyar tana aiki idan kan mota kafaffe ne ta fuska biyu, sannan a can ƙarshen aka sa sifirin mai ƙarfi ko jerin washa masu siffar kwano tsakanin boris na turi da abin matsewa, don jan ya ci gaba ko sanda ta miƙe. Ba tare da sifirin ba, ban ba da shawararta ba.

Ra'ayina: ka bar T8 a layin Z, ka iya barinta na ɗan lokaci a X tunda tsawonta milimita 800 ne, amma Y ta koma milimita 16.

kafinta_garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi awon da Baba Turna ya ce. A goshin sandar Y agogo ya nuna 0.25, a jikin gada 0.35. Ke nan noti 0.1 ne kawai, sauran duk na kawuna ne. Na yarda zan canza ta Y zuwa 16. Tambayata yanzu: SFU1605 ko Tr16x4? Idan na samu wadda ba a feƙe kawunanta ba, za a iya yi mini a gari? Kuma yaya zan daidaita ta da rel, tunda firam ɗin walda ne kuma na san bai miƙe ɗari bisa ɗari ba?

turna_marwa

Madalla da ka auna, Malam. Idan SFU1605 za ka saya, ka saye ta da kawuna a feƙe, tare da BK12 (gidan boris na kafaffen kai) da BF12 (na kan tallafi) da mazaunin noti DSG16H, duka a oda ɗaya. Fatar wannan sandar an ƙona ta ta yi tauri sosai, wuƙar feƙewa ta yau da kullum ba ta cin ta. Sai an gasa kan ya yi laushi ko an bare fatar da dutsen gurza, kuma a nan ne ake karkatar da ita. Kan BK12 yana da wurin zaman boris na milimita 12, zare M12x1 na notin kulle, da ƙarshen milimita 10 na mahaɗi. Kan BF12 milimita 10 ne da tsagar zoben kulle. Wajen faɗin tsawo ka tuna tsawon da ake sayarwa ya haɗa da kawunan nan, kuma noti da kansa yana cin kusan santimita 5, don haka ka zana komai a takarda kafin ka ce 1200 ko 1300. Idan ta zo, kada ka kuskura ka warware notin ya fita daga sanda, ƙwallayen za su zube. Idan dole ne a juya fuskarsa, a kan bututu mai kaurin gindin zare ake zare shi.

Tr16x4 kuwa kowane turna mai hankali zai iya. Ka ce masa ya sauke kan zuwa milimita 10, ba 12 ba, domin gindin zaren 11.5 ne, a 12 sauran zare zai rage a inda boris ke zama. Awon wurin boris ya tsaya tsakanin 9.99 da 10.00, kafaɗar ta tsaya cak, ya yanka zare M10x1 a kan injin ba da dayis na hannu ba, sannan ya sauke ƙarshe zuwa 8 don mahaɗi. Duka a kamu ɗaya, kada ya kwance ya sake kamawa. Ya naɗe zaren da siririn alminiyon kafin ya kama, ya daidaita da agogo har kaɗawar ta gaza 0.03, ya kuma tallafi jelar da ta fito ta bayan injin. Wannan kan yana shiga BK10, ko gidan da aka yi a gari da 6200 biyu. Ita ta fi sauƙin kuɗi kuma ta fi haƙuri da ƙura, amma tana cinye fiye da rabin ƙarfin mota a gogayya, notinta kuma yana cinyewa, sai an sa biyu da abin matsewa a tsakani. Ga mai sassaƙa ƙofofi da zane mai yawan kai da kawowa, SFU1605 zan zaɓa.

Abu ɗaya game da BK12 masu araha: da yawa boris 6001 na yau da kullum ake sa musu maimakon 7001 mai kusurwa. Ka ɗaure notin kulle, ka yi gwajin agogo a goshin sanda. Idan ya wuce 0.02, ka buɗe. Wani lokaci murfin ne bai danne zoben waje ba, sai a sa ciko a ƙarƙashinsa. Wani lokaci kuma sako-sakon na cikin boris ne, sai a yanka zobe siriri na 0.05 zuwa 0.1 a sa tsakanin zobban waje biyu. Jikin gwangwanin lemo kusan 0.1 ne, yana yi.

Kafin ɗaurawa ka duba miƙewarta. Doguwar sanda da ta taso daga Duwala, ta sauka Ngaundare, ta hau mota zuwa Garwa a ƙarƙashin kayan mutane, ko wadda ta biyo ta Mubi, ba a yarda da ita sai an gwada. Ka mirgina ta a kan gilashi mai kauri, ko ka ɗora kawunanta a kan boris bibbiyu ka juya da agogo a tsakiya. Ƙasa da 0.1 ya yi. Idan ta fi haka, ka juya tudun ya kalli sama, ka danna da hannu kaɗan-kaɗan kana sake aunawa.

Daidaitawa kuwa, rel ne shugaba, sanda mabiyiya ce. Ka gama da rel tukuna: su yi layi ɗaya da juna, gada ta riƙa tafiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe da turin yatsa kafin a haɗa ta da sanda. Sannan ka ɗaura BK da BF da mazaunin noti, duk kusoshi a sake. BK12 da BF12 tsayin tsakiyarsu ɗaya ne, milimita 25, don haka idan farantansu suna kan shimfiɗa ɗaya rabin aiki ya ƙare. Ka juya sanda da hannu ka kawo gada dab da BK. A nan notin ne zai nuna wa gidan boris inda zai zauna. Ka duba ƙarƙashin BK da ma'aunin tsaga. Idan akwai sarari, ka cike shi da ciko, kada ka bar kusa ta jawo gidan ƙasa. Ka ɗaure mazaunin noti, ka ɗaure BK, kusoshi a gicciye kaɗan-kaɗan. Ka kai gada can dab da BF ka yi haka. Sai ka sake dawowa, ka sassauta BK ka sake ɗaurewa, don abin da BF ya ja ya saki.

Gwajinsa a hannu yake: ka cire mahaɗi, ka juya sandar da yatsu daga farko har ƙarshe. Nauyin ya zama ɗaya. Idan tana sauƙi a tsakiya tana nauyi a ƙarshe, gidan boris na wannan ƙarshen bai hau layi ba, domin a tsakiya sanda tana lanƙwasa ta ɓoye kuskure, a ƙarshe ba ta iyawa. Idan nauyin yana zuwa yana tafiya sau ɗaya a kowane juyi, ko sandar ta karkace ko an feƙe kan a karkace. Mota ita ce ta ƙarshe: ka zura mahaɗi ya shiga shaf biyu ba tare da tilas ba, sannan ka ɗaure mazauninta.

malamin_fasaha_ngaundare

Zan taɓa abubuwan da suka rage. Faɗowar Z ba laifin ɗauri ba ne. T8 mai tafiyar 8 zare huɗu gare ta, kwanciyar zaren kusan digiri 20, don haka nauyi yana iya juya ta. T8 mai tafiyar 2, mai zare ɗaya, kwanciyarta kusan digiri 5 ne, tana riƙe kanta ko babu wuta. Ita za ka sa, da notinta, domin notin waccan ba ya hawa wannan. Kafaffen kai ya kasance a sama, sandar ta rataya, nauyin injin yanka yana jan ta maimakon ya tura ta. A tsawon 250 zuwa 300 ba ka buƙatar boris a ƙasa ko kaɗan, kuma rashinsa ya fi a sa shi a karkace. Kada ka sa mai ƙwallaye a Z ba tare da birki ko sifirin ɗaukar nauyi ba, ta fi T8 saurin sulalowa.

Bayan canji sai ka gyara GRBL. Da mota mai taku 200 da direba a kan 1/8, wato yana raba kowane taku gida takwas, juyi ɗaya taku 1600 ne. SFU1605 tana son 320 a $101, wato saitin taku a kowace milimita na Y, Tr16x4 tana son 400, T8 mai tafiyar 2 tana son 800 a $102 na Z, ta X mai tafiyar 8 tana nan a 200. Arduino Uno ba ya wuce taku kusan 30,000 a daƙiƙa, don haka a 320 iyakarka wajen milimita 5600 a minti ne, a 800 kuma 2250. Ƙarfin motar taku yana faɗuwa idan juyi ya yi yawa, musamman a bolt 24. Tunda yanzu Y za ta buƙaci juyi fiye da da don gudu ɗaya, ka fara $111 (iyakar gudun Y) a 3000 da $121 (saurin tashinta) a 150, ka riƙa ƙarawa har ta ɓatar da taku, sannan ka koma baya da kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai kuma abin da agogo a tsakiyar gada ba zai nuna maka ba. Sanda ɗaya a tsakiya da gada mai faɗin santimita 80, idan kana yanka a gefen teburi gadar tana murɗewa. Ka sa agogo a ƙafar gada ɗaya ka tura ɗayar. Idan motsin ya yi yawa, ka ƙarfafa ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin teburi ya haɗa ƙafafun, ka kuma nisanta tubalan rel biyu na kowace ƙafa zuwa milimita 200 ko fiye. Idan bai isa ba, sai sanda biyu da mota biyu, ɗaya a kowane gefe.

Ƙura kuma, tsakanin garin katako da ƙurar hunturu, ita ke cinye noti a ƙasarmu. Boris duka ka sayi masu murfin roba, 2RS, ba ZZ mai murfin ƙarfe ba. Notin ƙwallaye giris na litiyom ake ɗura masa ta kan nononsa, kaɗan, a goge abin da ya fito a jikin sanda. Baƙin man mota da aka juye kada ya kusance ta, yana ɗauke da garin ƙarfe. Sandar Y da ke ƙarƙashin teburi ka yi mata rumfa da kwanon rufi da aka lanƙwasa, ta X kuma ka tsaga tsohon tub na babur ka rataya mata labule. A T8 ta Z, notin roba mai tauri na POM ya fi na tagulla a wurin ƙura, domin yana aiki a bushe, ka dai riƙa share zaren da tsohon buroshin haƙori bayan kowane aiki.

mai_walda_kusuri

Injiniya, na karɓi gyaran sifirin. Malam kafinta, farantin da BK12 zai zauna ka yi shi aƙalla faɗin milimita 80, tunda gidan kansa 60 ne, kuma ka tokare shi ta bayan da turi ke bugawa. Ka ɗiga walda a kusurwa huɗu tukuna, ka auna, sannan ka cika gajere-gajere kana canza gefe, ka bar shi ya huce da kansa ba tare da ruwa ba. Ramukan kusoshi sai bayan ya huce za ka huda.